Gajera, doguwa ko 'yar fakiti: wace kuɓewa ta dace da lambun gida?

Damina huɗu ke nan ina shuka kuɓewa a ɗan filin da ya rage tsakanin ɗakin girki da katangar gidanmu a Tumfure, nan Gombe. Wurin bai fi taku goma sha biyu a tsaye da biyar a kwance ba, amma iri shida sun ratsa shi: biyu na gado da na karɓo a hannun Goggona a wani ƙauye gefen Deba, ɗaya na cibiyar bincike, sai uku 'yan fakiti waɗanda asalinsu daga waje ne. Duk lokacin da hadari ya fara haɗowa a watan Mayu sai in sha tambaya a ƙofar masallaci: Malam, wacce za mu saya? Amsar ba ta faɗuwa a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da kuskurena zan fara. Shekarar farko na shiga wani shagon kayan noma a cikin gari, na ga fakiti mai hoton kuɓewa koriya shar, dogaye sumul kamar an shafa musu mai. Na saya ban shawarci kowa ba. Ta tsiro, ta yi kyau, kafin wata biyu na cika ƙaramin kwano na kai wa maiɗakina ina ta washe baki. Da dare aka kawo tuwon masara. Na gutsura, na dangwala, na ɗago, sai miyar ta zame ta koma kwano ta bar ni da loma tsirara. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, wannan kuɓewar taka ta kallo ce ko ta ci? Na yanka ta ƙanana, na sa kanwa, na burga har hannuna ya gaji, iyakar abin da ta iya ke nan."

Bayan 'yan kwanaki Goggo ta zo duba jikoki. Ta zagaya lambun, ta tsinki ɗaya, ta lanƙwasa tsininta da babban yatsa, ya ɓalle ƙas, alamar ɗanya ce ba ta ƙosa ba. Ta yanka ta biyu, ta matse tsakanin babban yatsa da manuni, sannan ta buɗe yatsun a hankali tana kallo. Zaren yauƙin ya tsinke tun yatsun ba su rabu da kyau ba. Ta goge hannu a gefen zane ta ce, "Ɗan nan, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. In ka zo gida ka tuna mini in ba ka iri." Da wannan gwajin na yatsa biyu nake auna kowace kuɓewa har yau, domin a gidajenmu tukunya ce ke yanke hukunci.

Kafin a shiga kwatance, akwai kalmomi uku da masu shago ke cakuɗawa. Irin gado shi ne wanda ake ajiyewa daga damina zuwa damina, uwa ta bar wa 'ya, kuma in ka shuka 'ya'yansa sai su fito kamar uwarsu. Ingantaccen iri na cibiyoyin bincike sau da yawa shi ma haka yake maimaita kansa, bambancin dai masana ne suka tace shi suka ba shi suna. Na uku shi ne haibirid, wanda za ka ga an rubuta F1 a jikin fakitinsa: an aurar da iri biyu ne aka samu ɗa mai ƙarfi, amma in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi, jikokin sai su watse, wannan gajera, waccan doguwa, wata mai ƙaya. Ga manomin kasuwa haibirid na da ranarsa. Ga mai son ya sayi iri sau ɗaya ya huta, ba nasa ba ne, don haka na ajiye shi gefe.

Wani abin da ke ba ni dariya shi ne yadda ake tsauwala kuɗin irin gadon Amurka a intanet. Kuɓewa daga Afirka ta tsallaka can a zamanin cinikin bayi, jikokinta ne yanzu ke dawo mana cikin fakiti da hoto. Nijeriya kuwa ita ce ta biyu a duniya wajen noman kuɓewa, Indiya kaɗai ke gabanta. Gadon wasu ne muke saye da tsada, namu yana rataye a ɗakin girkin tsofaffi yana shan hayaƙi.

Irin farko da Goggo ta ba ni shi ne wanda a gidanmu muke kira gajera. Bafulatanin ƙauyensu baskoje yake ce wa kowace kuɓewa, Basakkwace ya ce guro, sunayen ire-iren kuwa kowane yanki da nasa, galibi sunan garin da irin ya fito ko siffar 'ya'yan. Gajera ba ta wuce ƙugun mutum. 'Ya'yanta gajeru ne masu kauri, kore mai duhu, da 'yan ƙayoyi masu laushi a jiki. A wurina tana fara fure wajen mako shida da shuka, a mako na bakwai ko na takwas an fara tsinka. Zarenta kuwa sai ka buɗe yatsu iya buɗewa bai tsinke ba. Guda goma sun ishi miyar gida mai mutum shida, ko kanwa ba a sa ba. Ba ta da shagwaɓa: in ruwa ya ɗauke kwana goma a watan Yuni, kamar yadda yakan yi mana, sai ta yi laushi da rana, da yamma ta miƙe.

Aibinta uku ne. Na farko ƙaiƙayi. In ka shiga tsinka da hannu tsirara da rana tsaka, za ka yini kana susa har gwiwar hannu. Ni da sassafe nake shiga, da riga mai dogon hannu da 'yar wuƙa. Na biyu saurin ƙosawa. Kuɓewa kan isa tsinka kwana huɗu zuwa shida bayan furenta ya faɗi, gajera kuwa in ta ƙara kwana biyu a kai ta zama itace, wuƙa ma sai ta yi ƙara a jikinta. Wanda ba zai iya zagayawa bayan kowane kwana biyu ba zai yi asarar rabi. Na uku, ba ta daɗewa. Takan yi kamar mako shida zuwa takwas tana bayarwa da ƙarfi, daga nan ganye ya fara zuba, 'ya'yan su ƙanƙance. Maganin wannan a raba shuka kashi biyu, ɗaya da saukar ruwa, ɗaya a ƙarshen Yuli.

Doguwa, iri na biyu da Goggo ta ba ni, ita ce ta fi ba ni mamaki, kuma ita ce na kusa tumɓukewa saboda jahilci. Na shuka ta rana ɗaya da gajera a tsakiyar Yuni. Gajera ta yi fure, ta haihu, ta tsufa, ita kuwa doguwa sai tsawo da rassa da ganye fatan-fatan. Agusta ya wuce babu ko fure ɗaya. Ta wuce kaina, ta kai bakin katanga. Na kira Goggo a waya na ce, "Goggo, wannan irin naku anya ba namiji ba ne? Wata uku ba ta yi komai ba." Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kai dai ba ka da haƙuri. Ba ta haihuwa sai an fara yankan gero. Ka bar ta." A ƙarshen Satumba ta ɓarke da fure, kowane reshe da nasa.

Daga baya na fahimci dalili. Masana tsirrai ba sa ɗaukar wannan a matsayin jinsi ɗaya da kuɓewar da aka saba. Ta yau da kullum sunanta na kimiyya Abelmoschus esculentus, wannan kuwa Abelmoschus caillei, wadda suke kira kuɓewar Afirka ta Yamma. Tsawon yini take bi: ba ta fure sai yini ya fara gajarta. Gombe tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai fi sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba, amma tsiron yana jin wannan ɗan bambancin. Ana iya gane ta tun kafin ta haihu. Ka dubi 'yan ganyayyakin da ke kewaye da gindin furen da bai buɗe ba: na kuɓewar yau da kullum sirara ne kamar allura, na doguwa kuwa masu faɗi ne kamar 'yan harsuna.

Amfanin wannan jinkirin sai wanda ya taɓa shanya kuɓewa a watan Agusta ya san shi. Ka yanka, ka baza a faranti, hadari ya taso, a kwashe, gobe a sake bazawa, kafin kwana uku ta yi baƙi ta fara furfura. Doguwa kuwa tana zubo 'ya'yanta ne daidai lokacin da ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa. A Nuwamba ka yanka da safe ka baza a tabarma a inda rana ba ta dukanta kai tsaye, kwana biyu zuwa uku ta bushe ƙayau, launinta bai mutu ba. A daka a turmi, a tankaɗe, a zuba a gwangwani mai murfi. Busasshiyar kuɓewar da muka ci har azumin bara daga tushe biyar kawai ta fito. Kuma lokacin da ɗanya ta yi tsada a kasuwa, mu muna tsinka a tsakar gida har cikin Janairu. 'Ya'yanta ba sa saurin ƙosawa kamar na gajera, ana iya yi musu lattin kwana ɗaya ko biyu. Ganyenta masu taushi ma ana miya da su.

Sai dai tana da sharuɗɗa. Tana cin wuri, tushe ɗaya na son kusan mita ɗaya ta kowane gefe, kuma inuwarta na danne duk abin da ke ƙarƙashinta. A jikin katanga ya kamata a jera ta. Sannan ruwan sama na ɗauke mana a Oktoba, daidai lokacin da take tsakiyar haihuwa, don haka dole a ci gaba da ba ta ruwa. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ya yi lissafi tukuna. Ni kusa da inda muke alwala na shuka tawa, na ja ɗan lambatu zuwa gindinta, ana kuma zuba mata ruwan wankin shinkafa da na hatsi. Ruwan sabulu ne dai ban yarda ya je wurin ba. Ba ta kuma yin noman rani irin na gaggawa. Ita 'yar damina ce mai ƙarasawa da hunturu.

Tsakanin namu na gida da na waje akwai irin cibiyar bincike. Cibiyar NIHORT da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1975 don binciken kayan lambu da 'ya'yan itace, ta fitar da ire-iren kuɓewa, sanannu a ciki su ne NHAe47-4 da LD88. Cibiyar na da reshe a Dadin Kowa, garin da kwalejin tarayya ta koyon aikin lambu take, don haka mutumin Gombe ba shi da nisa da masu sanin abin. Na farkon na gwada. In ka gan ta sai ka ce gajerar Goggo ce ta je makaranta: gajeriya, mai rassa, 'ya'ya masu kauri, tana fure da wuri, yauƙinta babu laifi. Abin da ta fi gajera da shi daidaito ne, duk layin tsayi ɗaya, fure kusan rana ɗaya. Ba haibirid ba ce, ana ajiye irinta. Wanda ba shi da tsohuwa a ƙauye da za ta ba shi iri, wannan ce mafi kusa da abin da tukunyarsa ke nema.

Yanzu 'yan fakiti. Wadda ta kunyata ni a shekarar farko sunanta Clemson Spineless, kuma ita ce aka fi samu a shagunan iri a ƙasar nan. Jami'ar Clemson da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka ce ta fitar da ita a 1939, ta kuwa samu karɓuwa har ta zagaye duniya. Ban yi mata adalci ba in na tsaya a labarin loma tsirara. Tana fara bayarwa a kwana 55 zuwa 60, tana haihuwa da yawa, 'ya'yanta dogaye ne masu ɗan haske da layuka a jiki, kuma babu ƙaya, wanda shi ne ma'anar rabin sunanta. Ganyen na ɗan yin ƙaiƙayi, amma yaro ɗan firamare zai iya tsinko miki ita ba tare da kuka ba. Waɗanda suka tace ta ba yauƙi suke nema ba; can soya ta suke yi ko su jefa cikin romo, yawan yauƙi ma aibi ne a wurin wasunsu. Dabarar da maiɗakina ta gano ita ce a tsinke ta tana ƙarama, tsawon ɗan yatsa, a goga ta a magogi ko a kirɓa a turmi maimakon yankawa, kada a haɗa ta da tumatir mai yawa domin tsami na kashe yauƙi. In an yi haka miya takan kama tuwo. In kuma an haɗa ta rabi da rabi da gajera, ba mai ganewa. A shanya kuwa ba ta burge ni ba: ruwa ya yi mata yawa, kwano cike sai ya koma ɗan tafin hannu, garin kuma ba shi da ƙarfi.

Ja, wato Red Burgundy, ita ma daga Clemson ta fito, a 1983. Karanta ja, jijiyoyin ganyenta ja, 'ya'yanta ja kamar zoɓo, ga fure ruwan ƙwai mai jan ciki. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya a kanta. Yara sun yi ta murna za su sha jar miya, aka sauke tukunya sai ga ta koriya kamar kowace, domin zafi na kashe launin. Tana da kirki ɗaya na gaske: ba ta saurin ƙosawa, ko ta ɗan yi tsawo tana nan da taushi, kuma jan launin na sa ba ta ɓuya a cikin ganye. Yauƙinta bai kai na gajera ba. Tushe biyu don sha'awa sun isa.

Star of David ce ta ukun. Doguwar shuka ce, 'ya'yanta gajeru masu ƙiba da zurfafan layuka, in ka yanka sai ka ga siffar tauraro. Ta fi Clemson jinkiri, ta kuma fi ta ƙaiƙayi. A ido ta fi kowace 'yar waje kama da namu, sai dai ban ga abin da ta yi wanda gajera ko doguwa ba su yi ba, ga tsada. Akwai kuma Cow Horn mai 'ya'ya dogaye masu lanƙwasa kamar ƙaho, da Emerald mai santsin jiki wadda kamfanin miyar gwangwani na Campbell ya fitar a 1950. Duk don girkin wasu aka tace su.

Wani abin lura game da fakiti, ko na wane iri ne: a duba kwanan wata. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba da tsohon irin kuɓewa ake shuka ba. Fakitin da ya shekara biyu yana shan zafi a kan kanta rabinsa ya mutu. Ya taɓa faruwa da ni, na shuka rami ashirin, shida suka tsiro, kafin in farga mako biyu na damina sun wuce. Yanzu ƙwaya goma nake naɗewa a jiƙaƙƙen tsumma in ajiye a inuwa, in riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako ɗaya in bakwai ko takwas sun fasa, irin na da rai. Irin fakiti mai launin ja ko shuɗi kuwa magani aka shafa masa, a nisanta shi da yara da kaji, a wanke hannu bayan shuka.

Yadda ake shukar kusan ɗaya ne ga dukansu, ba sai na ja zance ba. Ɓawon irin na da tauri, a jiƙa shi kwana ɗaya, wanda ya taso saman ruwa a zubar. A shuka kai tsaye inda za ta zauna, domin saiwarta ɗaya ce mai nutsawa ƙasa, ba ta son dashe. Zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ƙwaya uku a rami, in sun yi ganye huɗu a rage a bar ɗaya ko biyu. Gajera da Clemson da ta cibiya a ba su kamar santimita 40 tsakanin tushe da tushe, 60 zuwa 70 tsakanin layi. Ƙasar cikin garin Gombe yashi ta fi yawa, ba ta riƙe ruwa, sai an cakuɗa ta da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki. Masu baƙar laka kuma su ɗaga kunya, kuɓewa ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Kashin kaji ɗanye ko yawan takin zamani na sa ta yi ganye ta manta da haihuwa. Mai gidan haya da siminti ya mamaye tsakar gidansa zai iya cika buhun shinkafa da ƙasa da taki, ya huda gindin, ya shuka tushe ɗaya a kowanne. Gajera da Clemson da ja duk suna yi a buhu, doguwa ce ba ta yarda.

Lokaci kuwa, a damina a jira ruwa ya zauna, kada a bi yayyafin farko. Ga mai ruwan famfo ko rijiya da ke son noman rani, Disamba da Janairu ba lokacin shuka ba ne, sanyi na hana iri tsirowa da wuri, wanda ya tsiro ma sai ya tsugune. Daga Fabrairu, da ɗumi ya dawo, ta fi tashi. A nan ne Clemson da ta cibiya suka yi wa sauran fintinkau saboda saurinsu da rashin damuwarsu da tsawon yini, ko da yake tsananin zafin Afrilu kan zubar da wasu furanni in ruwa ya yi ƙaranci.

Wajen ƙwari ma akwai bambanci, kuma a nan 'yan gida suka nuna 'yan gida ne. Babban abokin gabar kuɓewa a nan shi ne ɗan ƙaramin ƙwaron nan mai tsalle da ke mayar da ganye kamar rariya. Shi ne kuma ke cin rama da yakuwa, domin su da kuɓewa da auduga duk dangi ɗaya ne, ka dubi furensu ka gani. Ba huda ganye kaɗai yake yi ba, yana yaɗa cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare. Farin ƙuda kuma na kawo nannaɗewar ganye, ga ɗarɓa a ƙarƙashin ganye da tururuwa na hawa da sauka. A lambuna duka ire-iren sun sha huda, amma doguwa ko a jikinta, sabon ganye take fitarwa ta wuce. Gajera ta jure. Clemson da ja su ne suka fi jigata tun suna ƙanana. Toka nake barbaɗawa da sassafe lokacin da raɓa ke kan ganye, in abin ya yi yawa in daka 'ya'yan dogon yaro in jiƙa su kwana, in tace in fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi. In ka tumɓuke tsohuwar shuka ka ga saiwarta ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar ƙasa ce, ƙasa mai yashi ta fi yawanta. Baɗi ka sa masara ko albasa a wurin, ka matsar da kuɓewar. Awaki da kaji da ƙadangaru kuwa ba ruwansu da asalin iri. Tsohon gidan sauro da 'yan sanduna huɗu ya fi duk wani magani a makonni ukun farko.

Saura maganar ajiye iri, wadda ita ce dalilin neman irin gado tun farko. A nan na yi kuskure na biyu. Shekarar da na jera gajera da Clemson da ja a wuri ɗaya, na ajiye 'ya'yan gajera kamar yadda na saba. Da na shuka, wasu tushen suka fito da jan kara da 'ya'ya masu tsawo. Furen kuɓewa yakan wadatar da kansa, amma yana buɗewa da safe ya rufe kafin la'asar, kuma a tsakanin nan ƙudan zuma na yawo daga wannan zuwa wancan da ƙurar fure a ƙafa. A fili mai taku goma sha biyu babu tazarar da za ta hana su. Mai iri fiye da ɗaya sai ya yi dabara: da yamma ka nemi furen da zai buɗe gobe, za ka gan shi ya kumbura ya fara nuna ruwan ƙwai, ka rufe shi da ɗan ƙyallen gidan sauro ka ɗaure. Jibi ka cire, ka ɗaura jan zare a gindin ɗan da ya fito don kada a tsinke shi a kai tukunya.

Kada kuma a jira ƙarshen damina a ajiye ragowar da ta kuɓuce wa wuƙa. Goggo tushen da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya take zaɓa tun ana tsakiyar tsinka, ta bar masa uku ko huɗu su ƙosa. Tushen zai rage haihuwa, wannan ne kuɗin irin. In sun bushe sun koma ruwan ƙasa, sun fara tsagewa ta layukansu, ka girgiza ka ji suna kacau-kacau, sai a yanke. Ɗa ɗaya na ɗauke da ƙwaya gommai, uku sun ishi lambun gida har da kyauta. Ita a haka take ɗaure su da igiya ta rataye a saman murhu. Ni nakan fasa, in ƙara shanyawa a inuwa kwana uku, in zuba a kwalba da ɗan toka, in rubuta suna da shekara.

To, wacce za a saya? In gidanku na cin tuwo da miyar kuɓewa sau uku a mako, kuma wuri ɗaya ne ƙarami, gajerar gida ce, ba na ko tantama. A nemi irin a hannun wanda aka ga shukarsa da ido ko aka ci miyarsa, domin irin da ake aunawa da murfin kwalba a kasuwa sau da yawa gauraye ne. In ba a samu ba, NHAe47-4. In akwai katanga da ɗan ruwan da ke zuba kullum, a ƙara doguwa tushe huɗu ko biyar, ita ce za ta cika gwangwanin busasshiya. Clemson ta mai noman rani ce, da mai shuka a buhu, da wanda fatarsa ba ta jure ƙaiƙayi, da mai sayar wa masu son doguwar kuɓewa mai kyan gani. Ja don yara da baƙi. Star of David da sauran 'yan uwanta, wanda ke da kuɗin gwaji ya gwada, ni dai na sallame su.

Bana layi uku na ja: biyu gajera, ɗaya Clemson, sai doguwa biyar a jikin katanga ta wajen lambatu. Kwalbar ja tana nan ban buɗe ba, ƙaramar 'yata na ta naci. Gajerar da zan shuka kuwa ba tawa ba ce, tawa ta gauraye. Sai da na koma Deba na durƙusa na faɗa wa Goggo abin da ya faru. Ta miƙa hannu saman murhu ta kwanto guda biyu baƙi ƙirin da hayaƙi, ta girgiza su a kunnena, ta ce, "Ungo. Wannan karon ka raba ta da baƙin nan naka."